Daga Katsina zuwa Sakkwato ta sama, kilomita nawa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina so in kai mahaifiyata biki Sakkwato daga Katsina, ƙafarta ba ta jure doguwar tafiyar mota. Shin nisan ta jirgi nawa ne, kuma minti nawa zai ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

In dai layi miƙaƙƙe ne daga filin jirgin Umaru Musa Yar'adua na Katsina zuwa filin Sadiq Abubakar III na Sakkwato, nisan wajen kilomita 265 ne, a lissafinmu na ma'aikatan jirgi kuma kusan mil 143 na ruwa, don mil ɗinmu ɗaya kilomita 1.852 ne. Lissafin ma ba wuya, garuruwan biyu duk suna kusa da digiri 13 arewa da ikwaita, wato jirgi yamma kawai zai dosa ba tare da ya karkata sosai ba, tazarar da ke tsakaninsu ta gabas da yamma kusan digiri biyu da rabi ce, kowane digiri a wannan yankin kuma kamar kilomita 108 ne, ka ninka ka ga abin da ya fito.

Ƙaramin jirgi mai farfela irin su ATR 72 da ke gudun wajen kilomita 500 a awa, da tashi da sauka da komai zai ci kamar minti 45. Babban jet kuwa kafin ya gama hawa sama an fara sanar da a ɗaura bel za a sauka, shi ya sa kamfanoni ba sa son irin wannan gajeriyar hanyar, mai ya fi ƙonewa wajen tashi, ga kuɗin sauka a fili, ga kujeru ba lallai su cika ba.

To nan fa gizo ke saƙar. Wannan 265 ɗin a takarda take. Jiragen haya da ke sauka a filayen nan biyu galibi daga Abuja suke zuwa su koma can, don haka in ka je yankar tikiti abin da za ka tarar shi ne Katsina zuwa Abuja, kusan kilomita 450, sannan Abuja zuwa Sakkwato kusan 490. Kenan Hajiya za ta yi sama da kilomita 900 a sama don zuwa garin da ke nan gefenta, ga tikiti biyu, ga zaman jira a Abuja wanda wani lokaci sai an kwana in lokutan jiragen ba su haɗu ba. In kuma bikin ya faɗo cikin hunturu, Disamba ko Janairu, hazo kan hana jirgi sauka, ka bar rana ɗaya a tsakani kar ɗaurin aure ya wuce ku kuna zaune a ɗakin jira.

Ta mota tafiyar wajen kilomita 400 ce kuma dole a ratsa Zamfara, na san abin da ya sa kake tunanin jirgi ba ƙafar kaɗai ba ce.

Ni dai shawarata, ka duba jadawalin jiragen biyu tare kafin ka biya ko sisi, in da hali kamfani ɗaya, kuma tun wajen yankar tikiti ka ce kana buƙatar keken guragu ga Hajiya, don daga wajen sauka zuwa wajen hawa a Abuja akwai ɗan tafiya.