Wanda mota ta buge yana tafiya a ƙasa: me yake da haƙƙin karɓa?

Ɗan'uwa, Allah ya ba ƙaninka lafiya. Ka ce mota ta kaɗe shi a Kwangila ta Zariya yana tsallaka titi, ƙafa ta karye, direban ya biya kuɗin asibiti na ranar farko, yanzu kuma dattawa na cewa a yafe. Na daɗe ina raka mutane irin wannan zirga-zirga, shawarata ita ce kada ku sa hannu a kowace takardar sulhu tukuna.

Karaya ba a sanin tsadarta a makon farko. Sai an je asibitin koyarwa na Shika an ɗauki hoto, likita ya ce sai an sa ƙarfe, sannan lissafi ya fito, alhali an riga an ce "mun yafe" a gaban shaidu. Haƙƙinsa kuma bai tsaya a kuɗin magani ba. Akwai abin da ya rasa na sana'arsa yana kwance, da wahalar da ya sha, da nakasa in ta biyo baya.

Abin da mutanenmu ke mantawa shi ne, ba dole kuɗin ya fito daga aljihun direba ba. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, wadda NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta Najeriya, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023. Domin irin ƙaninka ake biyanta. Sai dai takardun jabu sun yi yawa, don haka ku duba lambar motar a NIID, rumbun bayanan inshora da ke intanet, ku ga ko tata ta gaske ce.

Ku samo rahoton 'yan sanda na sashen hatsarin mota, da rahoton likita, ku adana kowane rasit, har na allura. A nan masu zuwa wajen mai ɗori ke shan kaye: ko ƙafa ta haɗu, ba takarda, kamfanin inshora kuwa takarda yake karantawa.

In ya tabbata ƙaninka ma ya faɗa titi bai duba ba, za a iya rage diyyar gwargwadon sakacinsa, amma ba lallai ta faɗi gaba ɗaya ba. In kamfani ya tsaya jan ƙafa, ku kai ƙorafi NAICOM, ko ku nemi lauya da wuri, don shigar da ƙara yana da wa'adi. Yafiya kuwa ta mai ƙafar ce, ku bari ya ji lissafin likita kafin ya yanke.