Ƙanena ya sanƙare bayan ya fara shan maganin ƙwaƙwalwa, mu daina ba shi?

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce yana jin muryoyi, yana zargin ana sa masa guba a abinci, likita ya ce sikizofireniya ce, wato wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa, ya rubuta masa maganin haloperidol, yanzu kuma wuyansa ya sanƙare, hannu na rawa, miyau na zuba.

Don Allah kada ku tsayar da maganin da kanku, ciwon zai iya dawowa. Wannan sanƙarewar sananniyar illar haloperidol ce, kuma tana da magani. Ku koma wurin likitan cikin makon nan. Zai iya rage adadin, ko ya haɗa masa da benzhexol, wanda aka fi sani da Artane, ko ya canza zuwa risperidone ko olanzapine. Shi olanzapine yana sa ƙiba da barci, yana iya ɗaga sukari, sai a riƙa gwaji.

Amma in sanƙarewar ta zo da zazzaɓi mai zafi, gumi da ruɗewa, ko numfashi ya yi masa wuya, ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. In kuna Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Kaduna akwai na Barnawa.

Addu'a da ruƙiyya ba sa hana shan magani. Sai dai ɗaure shi da mari, wannan kam kada ku yarda.