Ni na tsara kiɗan, shi ya ɗora murya: waƙar ta wa ce?

Tambaya ga lauya: Metir, barka da aiki. Ina da ɗan situdiyo a unguwar Zariya, nan Maradi. Shekara 6 ke nan ina kiɗa da fiyano da kwamfuta, ina ɗaukar murya, ina miksin. Bara wani mawaƙi ya zo muka yi cinikin waƙa 5 a kan jika 250. Ya turo jika 100 ta kamfanin aika kuɗi na Nita, ya ce sauran sai an gama. Kiɗan duka daga kaina ya fito, shi baitoci kawai ya zo da su. Da na gama ya ce in tura masa ta WhatsApp ya ji, na tura. Yanzu ɗaya daga ciki tana tashe, a gidajen biki da rediyo da YouTube. Ba sunana ko'ina, cikon kuɗina kuma shiru. Da na yi magana sai ya ce ai saya ya yi, waƙa tasa ce. Ba mu rubuta komai ba. Ina da haƙƙi, ko in haƙura?

Amsa: Ƙanena, kana da haƙƙi, har ya fi abin da kake tsammani. Sai dai magana biyu ka haɗa wuri guda, kuma a gaban shari'a ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai bashin jika 150, akwai kuma mallakar waƙar.

Mu fara da mallakar, don nan ne 'yan situdiyo suka fi cutuwa. Ku a wajenku duk wanda ya zauna gaban kwamfuta furodusa ne. Doka ba ta san wannan suna haka a dunƙule ba, aikin da hannunka ya yi take dubawa. Dokar da ke aiki a Nijar kan haƙƙin masu fasaha ita ce mai lamba 2010-95 ta 23 ga Disamba 2010, wadda ta gaji ta 1993, ga kuma yarjejeniyar Bangi ta OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin fasaha da ƙasarmu ke ciki. A idon waɗannan dokoki, wanda ya ƙirƙiro kiɗa mai fasaha ne daidai da wanda ya rubuta baiti. In da gaske kai ka tsara amon, ka jera gangunan, ka fitar da karin da ya hau, to waƙar nan ta ku biyu ce. Kuma haƙƙinka ya tabbata tun ranar da ka yi kiɗan, ba sai ka yi rajista ba. Tunda kuma yatsunka ne suka buga fiyanon, kana da wani ƙaramin haƙƙi na wanda ya yi wasa a cikin waƙar.

Ɗaukar murya da miksin kuwa, gaskiya ɗaya ce, a mafi yawan lokaci aikin hannu ne da ake biyan lada, kamar tela da aka kai wa yadi. Ka kwana uku kana share hayaniyar janareta daga cikin murya, kana gyara inda ya sauka daga kari, amma wannan bai sa ka zama mai waƙa ba. Da miksin kaɗai ka yi masa, da kuɗin aikinka kawai zan ce ka bi.

Sai shi kansa faifan da aka naɗa. Wanda doka ke kira mai samar da faifai shi ne wanda ya ɗauki gabarar aikin kuma ya ɗauki nauyinsa. A nan mutumin naka yana da abin faɗa, domin shi ya kawo aikin, shi ya sa kuɗi, ko da bai cika ba. Kada ka yi mamaki in alƙali ya ba shi wannan ɓangaren.

To batun "na saya" fa? Biyan kuɗin situdiyo daban, sayen haƙƙin kiɗa daban. Doka tana son duk wanda zai sallama haƙƙinsa ya yi shi a rubuce, a faɗi abin da aka sallama. Rashin takardar da kake ganin ya kashe ka, a wannan gaɓar mawaƙin ya fi cutarwa. Zai iya cewa ka san sakin waƙar zai yi, kuma haka ne, ba wanda ke zuwa situdiyo don ya ajiye waƙa a aljihu. Amma yarda a saki waƙa ba ta nufin ka yafe rabonka har abada. Sunanka kuwa ba ya sayuwa sam. Ko da ka sa hannu ka sayar da komai, kana da ikon a ambace ka a matsayin mai kiɗa.

Kafin ka ji daɗi da yawa, tambayi kanka tsakani da Allah: kiɗan naka ne duka? Na sha ganin yaro ya zo da zafinsa, ana kunna waƙar sai a ji karin wani fim ɗin Indiya ne aka rage wa gudu, ko kiɗan da aka sauke daga intanet aka ɗora masa kalangu. Irin wannan in ya je kotu kansa yake tona wa asiri. Kiɗan gargajiya ma ba na kowa da kowa ba ne yadda ake zato, dokar 2010 ɗin ta ba shi tasa kariyar.

Abin da za ka yi yau, kafin gobe, shi ne tsare hujja. Fayil ɗin aikin da ke cikin kwamfutarka, mai layin ganga daban, layin fiyano daban, muryarsa tsirara ba kiɗa, da kwanan watan da aka buɗe shi, ya fi shaidu goma. Shi abin da ke hannunsa gamammiyar waƙa ce kawai. Kwafe shi wuri biyu, kada ka sake buɗe na asali kana taɓe-taɓe. Ajiye rasit ɗin Nita, da saƙonnin murya inda kuka yi ciniki. Kada ka canza waya ka rasa su.

Bashin ya fi sauƙi. Ka samu huisiye, wato ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, ya kai masa takardar neman biya, ya kuma rubuta amsar da ya bayar da bakinsa. Sau da yawa mutum na ganin takarda mai hatimi sai ya ce "ai ban ƙi biya ba, saura jika 150 ne", shi ke nan ya ba ka shaidar da ba ka da ita. Da wannan za ka iya neman umarnin biya a kotu a ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, hanya ce gajera da aka tanada don bashin da aka san adadinsa, lokacinsa ya yi, kuma ya samo asali daga ciniki. Yana da 'yan kwanaki ya yi jayayya, in ya yi sai a zauna shari'a. Ka fara tambayar kuɗin huisiye da na kotu ka auna, kada kuɗin jinya ya fi kuɗin akuya.

Ni dai da za ka ji tawa, ba kotu zan fara tura ka ba. Maradi ƙaramar duniya ce, mawaƙan nan su ne kasuwarka. Bayan takardar huisiye, ku zauna gaban wani babba a sana'ar da ku duka kuke jin nauyinsa, a rubuta shafi guda: ranar da zai cika kuɗi, sunanka a YouTube da duk inda waƙar ta shiga, da kason kowa. Ku sa hannu da shaidu biyu. Sannan ka nemi hukumar BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha, ka zama mamba, ka bayyana waƙoƙin da sunanka a matsayin mai kiɗa. Ita ke karɓar kuɗi wajen masu amfani da waƙoƙi ta raba, kuma ba ta raba wa wanda ba ta san da shi ba. In ya riga ka ya rubuta sunansa shi kaɗai, kai ƙorafi a rubuce da hujjojinka.

YouTube na da fom na neman a sauke waƙa, kuma tashar da ta tara irin wannan gargaɗi uku ana iya rufe ta. Sanda ce mai nauyi, riƙe ta a bayanka lokacin sulhu. In ka sauke waƙar, rabon da kake nema ma ka kashe shi. In kuma ya tsallaka Jibiya ya kai ta Katsina ko Kano, haƙƙinka bai tsaya a iyaka ba, Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar Bern mai kare haƙƙin masu fasaha tsakanin ƙasashe.

Abu guda nake roƙonka: kada ka hau Facebook ko TikTok ka kira shi ɓarawo. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna, kuma a 2024 an maido da ɗauri a kai. Sai ka wayi gari kai mai bin bashi kai ne a komisariya.

Na gaba da zai ce ka turo ya ji, tura masa rabin waƙa da tambarin muryar situdiyonka a tsakiya. Cikakkiyar ta zauna a kwamfutarka sai ya cika kuɗi.