Finafinan zombi shirme ne kawai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko finafinan zombi, wato gawarwakin da ke tashi suna farautar masu rai, shirme ne kawai. Ni dai a ganina, abin da ke tsorata mutanen zamanin ne ke fitowa a cikinsu.

Asalin labarin daga Haiti yake, wata ƙasa a yankin Caribbean, inda bayi suka sha azaba a gonakin rake. A can zombi mamaci ne da boka ya tayar ya sa shi noma, ba lada ba hutu. Bawan da ko mutuwa ba ta 'yanta shi ba ke nan. Amurkawa sun kwaso labarin lokacin da sojojinsu suka mamaye ƙasar, 1915 zuwa 1934.

Wanda ya fi sosa min rai shi ne fim ɗin da darakta Ba'amurke George Romero ya yi a 1968. Jarumin baƙar fata ne, ya kwana yana fafatawa da gawarwaki, gari na wayewa sai ayarin fararen fata masu bindigogi suka harbe shi, suka ja gawarsa da ƙugiya zuwa wuta. A shekarar ce aka kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka.

A finafinan baya-bayan nan kuwa, galibi ƙwayar cuta mai saurin yaɗuwa ce ke mayar da mutum zombi.