Me ya sa jam'iyyun yanki ke canza baki?

Tambaya: Malam, na lura jam'iyyun da aka kafa don kare muradun wani yanki sukan sauya manufofinsu bayan 'yan shekaru. Yaudara ce, ko akwai dalili?

Amsa: Ba a raba siyasa da yaudara, amma ba ita kaɗai ba ce a nan. Jam'iyyar yanki da kuka ɗaya take tasowa: gwamnatin tsakiya tana ƙwarar mu. Kukan ba ya cika mutuwa. Abin da ke sauyawa shi ne maganin da take tallatawa, wani lokaci har da wanda take nuna wa yatsa.

Dubi DMK ta Tamil Nadu a kudancin Indiya. An kafa ta a 1949, tana neman kudu ta ɓalle. A 1963 aka yi wa tsarin mulki gyara, ya zama dole ɗan takara ya rantse zai kare haɗin kan ƙasa. Sai ta jingine ɓallewa, ta rungumi kare harshen Tamil da neman ƙarin iko ga jihohi. A 1967 ta kafa gwamnati. Doka ce ta tanƙwara ta, tanƙwarar kuwa ta yi mata rana.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Lega Nord, wato "Ƙawancen Arewa", ta arewacin Italiya. Zamanin shugabanta Umberto Bossi, kirarin da take yi wa babban birni shi ne "Roma ɓarauniya", wai harajin arewa ake kwashewa ana ciyar da kudu. A 1996 har shelar wata ƙasa ya yi mai suna Padaniya. Da badaƙalar kuɗi ta durƙusar da jam'iyyar, Matteo Salvini ya karɓi ragama a 2013, ya karkatar da fushin kan baƙin haure da Tarayyar Turai. A zaɓen 2018 ya goge kalmar "arewa" daga tambarin, ya gangara kudun da aka sha zagi yana roƙon ƙuri'a, kuma ya samu. A ganina wannan kam ya wuce gyaran manufa, farautar ƙuri'a ce zalla.

Jam'iyyar SNP ta Sikotilan kuwa burinta na 'yanci daga Birtaniya bai gusa ba, hanya ta canza. A ƙuri'ar raba gardama ta 1975 ta yi adawa da zaman Birtaniya cikin Kasuwar Turai, wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai. Zuwa 1988 takenta ya koma 'yanci a cikin Turai, don ta kwantar da hankalin mai tsoron kada ƙaramar ƙasa ta zama saniyar ware.