Ƙananan abubuwan jin daɗi sun taimake ni, amma ƙanwata mai jego ta ce ba ta jin komai

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, nan Kaduna. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta yi mana tsanani, albashi ba ya kai tsakiyar wata, har na zama mai yawan faɗa da tsaki a gida. Wata abokiyar aikina ta ba ni shawarar in riƙa lura da ƙananan abubuwan da ke faranta mini rai kowace rana, kamar shayin da nake sha bayan sallar Asuba kafin yara su tashi, ko hirar da muke yi a ɗakin malamai, kuma gaskiya na ga sauyi. Damuwata ita ce ƙanwata da ta haihu wata huɗu da suka wuce. Tun bayan arba'in ta daina fara'a, ba ta cin abinci sai an matsa mata, ba ta barci ko da jaririn ya yi barci, ga yawan kuka babu dalili. Na koya mata abin da nake yi, sai ta ce ita komai ɗaya ne a wurinta, ko yaron ya yi mata dariya ba ta jin komai. Mahaifiyarmu ta ce rashin godiyar Allah ne tunda mijinta bai rage ta da komai ba, gwaggonmu kuma ta ce iska ce, har ta samo mai maganin da ya nemi kuɗin hayaƙi da na rago. Shin abin da nake yi gaskiya ne ko yaudarar kaina nake yi? Me ya sa kuma bai yi wa ƙanwata aiki ba? Ina cikin tsoro, domin shekaranjiya ta ce mini da ma yaron ya samu uwar da ta fi ta.

Wata malama daga Tudun Wada

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Maganarki ta ƙarshe ta fi duk sauran nauyi a wurina. Mai jegon da ta haura wata biyu ba ci ba barci, sannan ta ce da ma ɗanta ya samu uwar da ta fi ta, tana buƙatar ganin likita a cikin wannan makon, kuma zan dawo kan yadda za a yi. Amma tunda tambaya biyu kika yi, bari in fara sallamar ta farko, domin amsarta ba ta da tsawo.

Ba yaudarar kanki kike yi ba. Hankalin ɗan Adam ya fi saurin kama abin da ke yi masa barazana, shi ya sa bashin mai shago yake bin ki har kan dadduma, alhali ɗanɗanon shayin da kike sha kullum tuni sabo ya shafe shi. Abin da abokiyar aikinki ta koya miki shi ne ki ƙwato wa ƙananan ni'imomin nan kasonsu na hankali. An jarraba wannan a 2005, lokacin da Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania a Amurka da abokan aikinsa suka sa mutane su riƙa rubuta abubuwa uku masu daɗi da suka same su kowane dare na tsawon mako guda, tare da dalilin faruwarsu, aka kuma tarar da amfanin abin a tare da su har bayan wata 6. Binciken da aka maimaita daga baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zato ba, amma akwai shi, kuma ba ya cin ko kwabo.

Shawarata a nan ita ce ki riƙa ambaton abu da sunansa. Cewa "na gode Allah da lafiya" gaskiya ce, sai dai baki ya saba da ita har takan fita zuciya ba ta motsa ba. Ihun yaran layinku lokacin da aka kawo wuta bayan kwana biyu, ƙamshin ƙasa ranar da aka yi ruwan farko, masarar da kika saya da zafinta a bakin titi kina hura ta kafin ki kai baki, ɗalibin da ya karanta jumla cikakkiya karon farko ya ɗago kai yana kallonki, waɗannan su ne zuciya take riƙewa. Ki ɗan tsaya a kan abin kafin ki wuce, ki ba wani labarinsa idan kin samu hali, kuma ki riƙa sauyawa don kada shi ma sabo ya cinye shi. Wannan dabara ba za ta rage farashin mudun shinkafa a Kasuwar Barci ba, iyakarta ta hana tsadar shinkafar cinye miki yinin gaba ɗaya.

Batun ƙanwarki daban ne, kuma a nan zan daɗe, domin kusan kullum sai na gamu da shi a wurin aiki. Dabarar da kike amfani da ita tana da sharaɗi guda, wato mutum ya kasance har yanzu yana iya jin daɗin abu idan ya kula da shi. Ke gajiya da ƙuncin rayuwa suka dame ki, amma da kika tsaya a kan shayin sai kika ji daɗinsa. Ita kuwa ta faɗa miki da bakinta cewa ko dariyar ɗanta ba ta taɓa ta. Wannan mutuwar jin daɗi tana cikin manyan alamomi biyu na ciwon matsananciyar damuwa, ɗayar kuma ita ce baƙin cikin da ba ya ɗagawa. Idan ɗaya daga cikinsu ya ɗauki mako biyu ko fiye kusan kullum, ya kuma haɗu da rashin barci, rashin cin abinci, kasala da ganin kai ba shi da amfani, to muna maganar ciwo ne. Umartar mai wannan ciwon ta lura da abubuwan daɗi kamar a miƙa wa mai zazzaɓi kwanon dambun nama ne, a kuma yi fushi don ya ce bakinsa ɗaci. Naman bai lalace ba, shi ma bai raina wanda ya kawo ba, harshen ne ciwo ya taɓa.

Kada a haɗa wannan da ɗan kukan da mata da yawa kan yi a kwanakin farko bayan haihuwa, wanda yake wucewa da kansa kafin mako biyu. Na ƙanwarki ya fara daga baya kuma ya zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 20 cikin 100 na matan da suka haihu suna gamuwa da larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawanta wannan ciwon na damuwa. Ki ƙirga gidajen sunan da kika je a bana, ki raba biyar.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne kalmar nan ta "rashin godiya", domin na ga ɓarnar da take yi fiye da ta kowace kalma. Ban zargi Hajiya ba, abin da ta taso ta ji ake faɗa take maimaitawa, kuma da niyyar gyara take faɗa. Amma ki dubi abin da kalmar take yi a zuciyar mara lafiya. Ciwon da kansa yana raɗa mata dare da rana cewa ita muguwar uwa ce, ba ta cancanci yaron ba. Sai mahaifiyarta ta shigo ta ce mata ga miji, ga lafiyayyen ɗa, ga abinci, wasu suna neman haihuwa shekara goma ba su samu ba. Ita ba nasiha take ji ba, tabbaci take samu cewa abin da zuciyarta ke raɗa mata gaskiya ne, kuma yanzu laifin ya tashi daga tsakaninta da yaro ya koma tsakaninta da Ubangijinta. Daga nan sai ta daina faɗa. Ta koyi murmushin dole idan baƙi sun zo, dangi su ce alhamdu lillahi ta warware, alhali a lokacin ne ta fi kusa da haɗari.

Ba na fatawa, amma abin da kowane ɗalibin islamiyya ya sani ya ishe mu. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Shekarar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihi. Ina ganin limamai da mahaddata a ɗakin duba marasa lafiya, ina ganin fastoci da matan zumunta, duk da wannan ciwon, kamar yadda abokan aikina suke ganinsu da hawan jini da ciwon suga. Ban taɓa jin an ce wa mai ciwon suga ya ƙara godiya sugansa zai sauka ba.

Sai kuma mai hayaƙi da rago. Ba ni da matsala da addu'a da karatun Alƙur'ani a kan mara lafiya, ku yi, ku ƙara, yana kwantar da hankalin gida baki ɗaya. Matsalata da wanda ya mayar da tsoron iyali jari, wanda bai taɓa duba wani ya ce wannan ba aikina ba ne ku tafi asibiti, kowa aka kawo masa iska ce ko sammu, kuma kowace iska tana son rago. An taɓa kawo mini wata mai jego bayan wata bakwai ana yawo da ita daga wannan zaure zuwa wancan. Mijinta ya ajiye mini leda a kan tebur, na zazzage: ƙullin garin magani iri biyar, gorar ruwan rubutu da ya fara wari, da katin baliyam da wani mai kemis ya ba su don ta samu barci. A bayan hannunta akwai tabon ƙuna na garwashin hayaƙi, an yaye yaron tun yana wata uku domin an ce nononta ya gurɓata, kuma sun sayar da keken ɗinkinta wajen biyan masu magani. Da na tambaye ta abin da ke damunta, sai ta ce babu wanda ya taɓa tambayarta sai ni tun da abin ya fara, kowa aljanin yake tambaya. Ta samu sauƙi cikin 'yan watanni, amma keken da shayarwar ba su dawo ba.

Mai kemis ɗin ma ba shi da uzuri. Ƙwayar barci tana rufe ido ta bar ciwon yana nan, ga saurin kama jiki, ga shiga nono. Mutane da yawa sun faɗa shan tiramadol da kodin, har sai da gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Mu ma ma'aikatan lafiya akwai namu kason laifin. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma har yau mace takan kai jariri rigakafi sau uku sau huɗu, a auna nauyinsa a cike kati, babu wanda ya ɗago kai ya ce mata ke fa yaya kike. Alhali akwai takardar tambayoyi 10 kacal da aka tsara a Edinburgh tun 1987 don gano wannan ciwon a wurin masu jego, wadda ba ta cin minti biyar.

Ga abin da nake so ki yi. Yau ɗin nan ki keɓe da ita, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin mutuwa, ko cutar da kanta, ko yaron. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuwa sauƙi yake ji an ba shi damar faɗa. Idan ta ce e, ko kuka ga tana jin muryoyi, tana maganar da ba ta da kan gado, ko ta kwana biyu idonta biyu, to asibiti za a tafi a ranar, kada a jira wayewar gari. Ko ma me ta amsa, a kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakinta ba tare da an yi shela ba, kuma kada a riƙa barinta ita kaɗai da jariri tsawon yini.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa aikinsa ke nan, kuma mafi yawan masu zuwa can a duba su ne su karɓi magani su koma gida. Na san sunan da mutanen gari suke kiransa da shi, na kuma san Hajiya za ta iya cewa 'yarta ba mahaukaciya ba ce. Idan sunan zai hana tafiya, ku fara da asibitin da ta haihu ko Barau Dikko, ku faɗi alamomin yadda kika rubuto mini su, ku nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. Za a duba ƙarancin jini da aikin halittar nan ta maƙogwaro da kan kumbura ta zama maƙoƙo, domin su ma suna kawo irin wannan kasala bayan haihuwa. Akwai magungunan da mai shayarwa take sha ba tare da an yaye yaro ba. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, don haka kada gwaggo ta ce an sha kwana goma ba a ga komai ba a koma wurin mai rago. Ki fara shawo kan mijinta kafin kowa, domin idan ya tsaya sauran za su bi.

Ƙananan abubuwan nan naki suna da gurbi a jinyarta, amma ta wata fuskar. Mu ma muna amfani da su, sai dai muna sa mara lafiya ta aikata abin ko ba ta ji daɗinsa ba, domin a wannan ciwon aiki ne yake riga jin daɗi dawowa. Ki karɓi yaron ta samu barcin awa huɗu ko biyar a jere, ki fito da ita tsakar gida ta sha hantsi, ki yi mata kitso, ki zauna ku ci abinci kwano ɗaya ko loma uku za ta yi. Idan kun gama kada ki tambaye ta ko ta ji daɗi, kada kuma ki ba ta aikin lissafa ni'imomi kafin ta kwanta. Ki ce mata kawai gobe ma kina tafe bayan an tashi makaranta, kuma ki zo.