Tambaya da Amsa: Shekara Nawa Digiri Yake Ci a Ƙasar Waje, Kuma Wace Jami'a Ce Abar Dogaro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gagarawa ta Jihar Jigawa. Babban ɗana ya kammala sakandare bana, sakamakonsa na WAEC ya yi kyau, kuma burinsa ya zama injiniya. Wani dillalin makarantu a birnin Kano ya ce mana shekara uku ake gama digiri a Indiya da Ingila, a Turkiyya kuma huɗu, sannan wani daban ya ce a Kwatano ta Jamhuriyar Benin ba a ma kai shekara biyu. Ina da niyyar sayar da bijimai biyu in haɗa da kuɗin riɗin bana, in ta kama har da gona ɗaya. Me ya sa shekarun suka bambanta haka, kuma wace irin jami'a zan nema masa? Daga wani uba a Gagarawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaro albarka, ya sa ka ci moriyarsa. Dillalin bai yi maka ƙarya kai tsaye ba, amma rabin lissafi ya ba ka. Shekarun da ya kamata ka ƙirga su ne daga ranar da yaro zai bar gida zuwa ranar da hukumomin Najeriya za su amince da takardarsa, domin a tsakanin waɗannan ranaku biyu ne kuɗinka zai riƙa fita.

Dalilin da ya sa digirin Ingila yake shekara uku shi ne, yaran can sukan yi shekara 13 a makaranta kafin jami'a, kuma shekaru biyun ƙarshe sukan tattara hankalinsu ne a kan darussa uku ko huɗu kacal waɗanda suka shafi abin da za su karanta. Namu kuwa shekara 12 suke yi, shida a firamare, shida a sakandare. Saboda wannan giɓi, yawancin jami'o'in Ingila ba sa saka mai takardar WAEC a aji ɗaya kai tsaye, sai ya yi shekara guda ta share fage, wadda ita ma kuɗinta daban ake biya. Ka ga uku ta koma huɗu ke nan. A yankin Sikotilan na Birtaniya kuwa, tun asali shekara huɗu ne.

Batun Indiya ya fi shafarka. Gaskiya ne a can an saba gama digirin fasaha da kasuwanci da kimiyya cikin shekara uku, ko da yake sabon tsarin ilimin da suka fitar a 2020 ya buɗe ƙofar yin huɗu. Amma injiniya shekara huɗu ne, likitanci kuma biyar da rabi idan an haɗa da shekarar sanin makamar aiki a asibiti. Saboda haka ukun da aka faɗa maka ba ta ɗanka ba ce. Idan har aka nuna maka takardar da ta ce injiniya cikin shekara uku a Indiya, to a duba da kyau, mai yiwuwa difloma ce ba digiri ba.

A Turkiyya shekara huɗu ne kamar yadda aka ce, likitanci shida, sai dai wanda zai yi karatu da harshen ƙasar zai fara da shekara guda ta koyon Turkanci, kuma ko tallafin karatun da gwamnatinsu take bai wa baƙi da wannan shekara yake farawa. Ƙasashen Turai da dama sun daidaita tsarinsu tun yarjejeniyar Bolonya ta 1999, wato shekara uku a digiri na farko, biyu a na biyu, amma a Jamus misali galibin digirin farko da Jamusanci ake koyar da shi, kuma mai takardar sakandare irin tamu sai ya bi ta share fage. Haka yake ga masu zuwa Jami'ar Musulunci ta Madina, inda wanda Larabcinsa bai nuna ba yakan yi kimanin shekara biyu a sashen koyon harshe kafin ya fara shekaru huɗun kwaleji. A Amurka huɗu ne, kuma likitanci ba a fara shi sai bayan an gama digiri na farko.

Yanzu sai mu kwatanta da gida. Injiniya a Jami'ar Bayero ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil shekara biyar ne. A Indiya huɗu, a Ingila huɗu da share fage, a Turkiyya huɗu ko biyar. Ribar da za a samu ta lokaci ba ta wuce shekara ɗaya ba a rubuce. Abin da karatun waje ya fi namu da shi a gaskiya shi ne zangon karatu da ba ya tsayawa, domin kowa yana tune da yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci wata takwas. Sai dai can ma ba a rasa abin da ke katse karatu, kamar yadda ɗalibanmu suka gani a Yukren a 2022 da kuma Sudan a watan Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya sa aka kwaso su gida karatu bai ƙare ba.

A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani a kan gonar. Kuɗin makaranta da masauki da abinci duk da kuɗin waje ake biyansu, kowace shekara, alhali kai da naira kake sayar da riɗi. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, iyaye da yawa da suka yi lissafi a kan tsohon farashi suka kasa biyan shekarun da suka rage. Yaron da ya dawo daga aji uku ba takarda, asararsa ta fi ta wanda bai tafi ba. Idan bijimai da amfanin gona na kowace kaka za su iya ɗaukar nauyin shekaru huɗu ko biyar, har da rarar da za ta tare tashin dala, to madalla. Idan kuwa sai an sayar da gonar da take ciyar da gida kafin a biya shekarar farko, shawarata ita ce yaro ya yi digirinsa na farko a gida, ya dage ya fito da sakamako mai kyau, sannan ya nemi tallafin digiri na biyu a waje.

Game da ire-iren jami'o'i, akwai na gwamnati, akwai masu zaman kansu, kuma zaman kai ba aibi ba ne, domin Harvard ta Amurka ma ba ta gwamnati ba ce. A Indiya akwai dubban kwalejoji da ke koyarwa a ƙarƙashin wata jami'a, ita ce take shirya jarrabawa kuma sunanta ne zai fito a takarda, don haka ka tambayi sunan uwar jami'ar, kada ka tsaya ga sunan kwalejin. A Maleshiya akwai rassan jami'o'in wasu ƙasashe, kamar Nottingham ta Ingila da Monash ta Ostareliya, inda ake samun takardarsu a kan kuɗin da bai kai na can ba. A Amurka akwai kwalejojin al'umma na shekara biyu, waɗanda takardarsu ba cikakken digiri ba ce sai an ƙarasa a jami'a. Ko wacce iri ce, abin dubawa shi ne ko hukumar ilimi ta ƙasar ta amince da ita da kuma ainihin fannin da yaro zai karanta: UGC a Indiya, YÖK a Turkiyya, MQA a Maleshiya. Duk suna da jerin sunaye a intanet, kuma yaron da kansa zai iya dubawa a waya kafin a biya ko kwabo, don kada a yi cinikin biri a sama.

Maganar Kwatano kuwa, ka rufe ta. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga can cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A watan Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya kuma a watan Agusta ta ce jami'o'i takwas kaɗai ta amince da su a ƙasashen biyu, biyar a Benin, uku a Togo.

Bayan an dawo ma akwai sauran tafiya. Ma'aikatar Ilimi za ta tantance takardar, hukumar NYSC za ta nemi ganin fasfo da hatimin shiga da fita wanda ya nuna lallai yaro ya zauna a ƙasar tsawon karatun, saboda haka ya adana tsohon fasfonsa ko da ya ƙare aiki. Injiniya zai yi rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa. Da likita ne sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kafin ya taɓa majiyyaci, da lauya ne kuma sai ya yi ƙarin zango a makarantar horas da lauyoyi wanda 'yan gida ba sa yi.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a wani gari kusa da Tsanyawa a Jihar Kano, ina da aure da 'ya'ya biyu, kuma na gama digiri na farko a Jami'ar Bayero. An ce mini digiri na biyu na Ingila da ake yi a shekara ɗaya bai kai darajar na shekara biyu ba. Haka ne?

AMSA: Ba haka ba ne, Malama. Wata 12 ne cur ba tare da dogon hutu ba, ana yin darussa daga kaka zuwa bazararsu, sannan a ƙarasa sauran watannin a rubuta kundin bincike, kuma ana amfani da shi a nan wajen neman aiki da neman digirin digirgir. A Jamus da Turkiyya da yawancin jami'o'in Amurka shekara biyu ake yi, wanda yakan ba da isasshen lokacin bincike ga mai son zama malamin jami'a. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman wanda ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, kuma koyarwar da kika yi bayan gama digiri tana shiga wannan lissafi. Abin da za ku zauna ku tattauna da maigida tun kafin ki cike takarda shi ne, tun daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na darussa tafiya da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu na sama da wata shida.